Jan Bijimin Farin Dutse

A tashar Birnin Kudu, shekarar ƙarin albashin Udoji, wani mai sabuwar jaka ya dami dattijon da ke gefensa da surutu.

"Baba, na bar dillancin shanu! Yanzu tela ko mai shayi, ni ke samo masa rancen banki, in ci la'ada."

"Mai shayi me zai jinginar?"

"Shanu mana! Akwai wani garke a Farin Dutse, mai jan bijimi. Kowa ya zo, can nake kai manaja ya hango."

Dattijon ya ƙyalƙyale da dariya.

"Ashe ku ne! Na zaci masu yi wa shanu allura ne, har kindirmo nake aiko muku! To, jibi ka dawo da manajan. Injin niƙa nake so, bijimin kuwa nawa ne."