Allurar da Ta Kai Ni Bencin Baya

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, Zumuntar Mata. Ni ce Saratu ta Tudun Wada. Yau ban zo da waƙa ba, da magana na zo.

A zamanin da kuɗin mai ya shigo, haƙorin dama ya hana ni tauna ko tuwo. Ɗana Danladi ya kai ni asibiti a sabon babur ɗinsa. Suka ce za su yi mini allurar barci a jijiya su cire shi, in koma gida a ranar, amma kada in tafi ni kaɗai. Allura ta shiga hannuna, duniya ta ɗauke.

Da na farka babu Danladi. An kira shi ofis, wai gwamnan soja zai zo zagaye. Ma'aikaciyar asibiti ta ce, "Mama, ki jira." Na ce to. Tana juya baya, ƙafafuna suka ɗauke ni.

Jama'a, ƙasa tana lilo! Leɓena ya yi nauyi, auduga cike da baki, ina tangaɗi, ina rera waƙar sujada iya ƙarfina. Wajen Ƙofar Taramniya na zube a gindin bango.

Nan Dattijo Ishaya, ɗaya daga cikin dattawan ikilisiyarmu, ya wuce a kan kekensa. Ya gan ni, ya gane ni sarai. Bai sauka ba! Wadda ta tsaya ita ce maƙwabciyata Inna Hajo, Musulma mai sayar da gero. Ta ce, "Saratu, mi as same ki?" Ta ajiye kwaryarta, ta tallafe ni har ɗakina.

Ashe Dattijo Ishaya ya kai ƙara. Ran Lahadi a coci aka sanar daga bagade: Saratu ta sha burukutu, an sa ta ƙarƙashin horo. An hana ni Jibin Ubangiji, wato cin gurasa a teburinsa, an mai da ni bencin baya. Don ni 'yar Filato ce, sai a ce giya? Wa ya zo ya tambaye ni? Ba ko ɗaya! Har a cikinku akwai waɗanda suka janye zaninsu da na wuce.

Na durƙusa a ɗakina, kuma ban yi wa Allah ladabin baki ba. Na ce, "Ubangiji, kai ka halicci bakin nan, ka san abin da ya shiga cikinsa. In ka yi shiru, wa zai yi magana?"

Ya amsa, amma ba ta bakin ɗan ikilisiya ba. Inna Hajo ta ji labari, ta yafa gyale, ta ja ni har gidan Fasto, dattawa suna zaune. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ba giya ta ba, allura ta. Ni nar riƙe ta, maganin asibiti kaɗai na shaƙa. Saratu, buɗe baki su gani!"

Na buɗe. Ga rami, ga zaren ɗinki. Dattijo Ishaya ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Dattijo, ko da a ce giya ce, a titi ake barin tsohuwa?"

Na gafarta masa, domin umarnin Ubangiji ne, amma ya ɗauke ni lokaci. Godiya ga Yesu da ya wanke sunana, ya mai da ni teburinsa! Ku dogara gare shi. Kuma in kun ga 'yar'uwa a ƙasa, ku sauka daga keke tukuna.