Na Buɗe Ƙofa, Ba Wanda Ya Shigo

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ɗan Unguwar Lalle ne, ina karatu Turai, ta waya nike saurarenku.

Watan jiya anka bugo mini cewa Baba ya rasu. Babu halin tahowa gida. Sai na shimfiɗa darduma, na buɗe ƙofar ɗakina, na zauna jiran masu gaisuwa kamar yadda munka saba. Har magariba ba wanda ya leƙo, sai mai kula da gidan ɗalibai. Ya ce, "Rufe ƙofar nan, doka ce."

Wallahi na gaji. Baba limami ne, bai taɓa barin mai rashi ya zauna shi kaɗai ba. Don Allah mutanen Gobir, ku yi mini ta'aziyya ko ta rediyo ce. Za ni amsa daga nan.