Wuraren Da Ake Tsallakewa

A ɗakin jiran likitan ido, wata dattijuwa ta ƙura wa littafin mutumin da ke gefenta ido.

"Ɗan nan, na mai labaran kisan kai ɗin nan ne? Yaushe sabon zai fito?"

"Sai watan gobe, Mama. Duk mun ƙosa."

"Allah ya sa idona ya kai. Kullum raguwa yake."

"Ai yara sa karanta miki."

"'Yata na karanta mini. Amma da an zaro wuƙa sai ta tsallake, wai hawan jinina."

Mutumin ya rufe littafin.

"Ni ma haka nake yi in ina karanta wa mahaifina. Ashe ana ganewa?"

"Tun daga murya. Shiru kawai muke yi, kada ku daina zama da mu."