Allon Ruwan Habibu

Kuɗin motar da na tafi Legas da su ba nawa ba ne, wannan na yarda, tunda masu yawo da ni a Ƙofar Wambai ta nan Bauchi sun riga sun kai muku. Yayata Hajara ce ta sayar da tunkiyarta ta damƙa mini. Abin da ba sa faɗa shi ne ba haka kawai ta ba ni ba, da kaya ta haɗa ni: ɗanta Habibu, ɗan shekara goma sha huɗu, siriri kamar sillen kara, wanda duk unguwa ta gaji da tsamo shi daga kududdufi.

A zaure ta tsayar da ni, ta ce, "Bala, ka sa shi a sana'a. Ɗinki nake so. Kuma an ce garin nan ruwa ne ya kewaye shi. Ban yarda ya je ko bakinsa ba."

Na ce, "Haba Yaya, ni ne fa."

Ta ce, "Shi ya sa nake maimaitawa."

Kun ji irin rainin da ake yi mini a gidanmu. Kai Nasiru, kai da kake cewa bayan salla za ka tafi Legas, ajiye wayar nan ka saurara, shayinka ma ya huce.

Ɗakin da muka fara kamawa gidan wani dattijo ne, Baba Kola, wai shi landilod, mai gidan haya ke nan. Mu goma sha wani abu ne a gidan, banɗaki ɗaya. Ni kuwa kun san ni, ba na wankan tsuntsu. Mutum mai fata irin tawa sai ya natsu. Wata safiya ina tsakiyar saɓa sabulu na ji ana dukan ƙofa kamar za a ɓalle ta.

"Malam! Yu de bon pikin fo dia?" Wai haihuwa nake yi a ciki.

Na ce, "Baba, tsafta ce."

"Pipul de go wok!" Wai mutane za su tafi aiki.

Na ce, "To su tafi mana, na riƙe musu ƙafa ne?"

Kafin azahar tabarmarmu da butarmu suna bakin titi. Habibu yana ta dariya har da riƙe ciki. Haka yake, ko a tsakiyar masifa sai ya sami abin dariya, kuma yawanci ni ne abin.

Wani ɗan Azare ne ya ce mu bi shi wani tsibiri da ke bayan tashar jiragen ruwa, inda sai da kwalekwale ake zuwa, wai babu mai shayi ko ɗaya a can. Na tuna maganar Yaya, na kuma tuna cikina. Na ce wa kaina ai bakin ruwa ta hana, ba ta ce komai a kan tsakiyarsa ba. Na kafa tebur a ƙarƙashin itacen kwakwa, ga burodi, ga ƙwai, ga teku a gabana tana ta haushi dare da rana kamar an taɓa mata ɗa.

A nan na fara ganin abin da suke kira safin. Ku 'yan Yelwa masu boko kun gani a waya, to a ido ba haka yake ba. Wani dogon allo ne mara nauyi, ya fi mutum tsayi. Sai yaro ya kwanta a kai ya yi ta iyo da hannu har ya shige can ciki, ya jira igiyar ruwa ta taso kamar katangar gidan sama, sai ya miƙe tsaye a kan allon ta kwaso shi da gudu. Da na fara gani na ce waɗannan iyayensu sun sallama su. Wata mata ce ke koya musu, Anti Tari, 'yar masunta, gajera, muryarta ta fi ta kwandasta.

Ban yi wata biyu ba na aiki Habibu ya kai shayi, shiru, shiru. Na bi sawu da bulala a hannu. Na tarar da kofunan a kan yashi, shi kuwa yana can cikin teku. Na tattare wandona, na cire takalmina na riƙe, saboda sabo ne, na tsaya inda ruwa ba ya kaiwa ina kwarara masa kira. Sai igiya ta taso, sai na ga ɗan Yayata ya miƙe a kanta. Bai yi tangaɗi ba. Ya buɗe hannuwa, ya karkata, ruwan yana naɗewa a bayansa, shi yana yanka shi kamar mai yanka yadi.

Wani Bature da ke kusa da ni ya tambaya yaron wane ne. Na ɓoye bulalar a bayana, na ce, "Nawa ne. Ni na koya masa."

Kar ka yi dariya, Nasiru. Ni da ko a kwatami ban taɓa iyo ba. Washegari na sayi usur na rataya a wuya, daga ranar sunana ya koma Manaja. Anti Tari tana koyarwa, ni ina hura usur. In ta ce ya yi dama na ce ai abin da zan faɗa ke nan. Ta kan ce, "Manaja, kom enta wota smol," wai in ɗan shigo ruwan. Ni kuwa in ce babban koci daga tudu yake hangen kuskure.

Duk Juma'a Yaya tana kira. "Ya ɗinkin?"

"Yaya, yaron nan hannunsa na zinariya ne. Ya fara wuyan riga."

Da salla ta matso sai in je wurin wani tela a kasuwa in sa ya ɗinka mata atamfa, in aika in ce aikin Habibu ne. Ta sa ta zaga dangi tana cewa ɗanta ne ya ɗinka. Shekara biyar muna haka. Sau biyu muka zo gida, duk biyun sai da na sa ya yi aski ƙwal, don gishiri da rana sun mayar da gashinsa ja.

Shi abin yana damunsa. Ya kan zauna a bencina bayan ya fito daga ruwa, yana karkarwar sanyi, ya ce, "Kawu, mu gaya wa Inna mana. Ni na gaji da zancen wuyan riga."

In ce, "Bari ka ci babban kofi tukuna. Mu ajiye mata shi a gabanta. Ba ta yi wa kofi faɗa."

Ya ci ƙananan gasa har na daina lissafi. Yara suna binsa a yashi suna kiran "Bauchi! Bauchi!" don sunan da suka sa masa ke nan. Sai aka sa ranar babbar gasa, cikin damina, lokacin da teku ta fi hauka, har daga wasu ƙasashe za a zo. Muka yi shawara: ya ci, mu hau mota, mu faɗa mata komai.

Saura kwana uku ya tashi da zazzaɓi.

To ku gaya mini, a nan Bauchi wa yake ɗaukar zazzaɓi a bakin komai? Damina ta zo, jiki ya yi zafi, a je kemis, a sha magani, a koma gona. Gidan sauron da aka raba mana ma ni da shi na rufe burodi saboda ƙuda. Anti Tari ta taɓa goshinsa ta ɓata rai, ta ce in haye da shi asibiti a gwada jininsa yau ɗin nan, in kuwa da zazzaɓi ba zai shiga ruwa ba, ko sama za ta faɗo. Na ce to. Na kai shi bayan masallacin tsibirin muka zauna har la'asar, muka dawo na ce mata an gwada, likita ya ce gajiya ce.

Na dafa masa ganyen dogon yaro da citta da lemun tsami, na haɗa masa da farasitamol, safe da yamma. Zafin ya sauka, ya dawo, ya sauka. Ranar gasa da safe idonsa ya yi ja. Ya ce, "Kawu, kaina kamar ana daka a ciki."

Na ce, "Jinin Ƙofar Wambai ne a jikinka, sauron Legas ya yi kaɗan. Yau kawai. Gobe muna mota."

Ya kalle ni ya yi murmushi ya ɗauki allonsa. Bai taɓa yi mini musu ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Ya ci. Kar ku tambaye ni yadda aka yi. Na ɗauka a wayata daga farko har ƙarshe, ina ihu, usur a baki. Suka ɗaga shi sama, suka ɗaga ni ma, don na ce ba a ɗaga ɗan wasa a bar manaja.

Washegari da hantsi na shiga ɗaki in ce ya haɗa kaya, na same shi zaune yana lalube a tabarma.

"Kawu, ina almakashi? Inna tana zuwa. Ba ni yadi in riƙe, kar ta gane."

Na ce, "Habibu, wace Inna? Legas muke."

Bai san ni ba. Jikinsa ya fara fizga. Anti Tari ce ta ɗauke shi a kafaɗa zuwa kwalekwale, ni ina biye da ita. A asibiti likita ya tambaye ni tun yaushe. Na ce tun jiya. Ya ɗago ya dube ni, Anti Tari ma ta juyo ta dube ni. Na ce kwana biyar. Ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, ya riga ya hau ƙwaƙwalwa. Aka sa masa ƙarin ruwa, aka yi allurai. Washegari kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa. Shekararsa goma sha tara.

Hausawan unguwar suka yi masa sutura, muka kai shi. Na kira Yaya na ce zazzaɓi ne, farat ɗaya. Ko a ranar ban iya faɗin gaskiya ba.

Kwana uku bayan haka yaran suka yi masa nasu zaman makokin. Suka shiga teku a kan allunansu, suka yi da'ira suka riƙe hannun juna, suka bar gurbi ɗaya. Ni aka kai ni a kwalekwale. Kirista na addu'arsa, Musulmi na tasa, sannan suka yi ta watsa ruwa sama suna kiran Bauchi. Da muka fito Anti Tari ta miƙo mini allonsa da kofinsa. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa kawai ta yi in kai wa uwarsa.

A tasha direba ya ce allon ba zai hau motarsa ba.

"Malam, wannan ai makara ce."

Na ce, "Kayan wasa ne."

"Wasan me? A Bauchi? Ina ruwan?"

Na buɗe baki in ba shi amsa irin tawa, sai kuka ya zo a maimakonta, a gaban fasinjoji, ni Manaja. Da kansa direban ya hau ya ɗaure shi.

Na shiga Ƙofar Wambai da allo a ka, mutane suna leƙowa daga shaguna. Yaya tana tsakar gida a kan tabarma da carbi, mata sun kewaye ta, ita kuma tana sanye da atamfar da na aiko da salla. Na jingina allon da bango, na ajiye kofin, na durƙusa. Na faɗa mata duka: tsibirin, telan kasuwa, bayan masallaci, ganyen dogon yaro. Ban rage ko ɗaya ba. Matan suna salati. Ita kuwa allon take kallo.

Can ta ce, "Wannan abin, hawa ake yi?"

Na ce, "Tsayawa ake yi a kai, Yaya. A kan ruwa."

"Nuna mini."

Na kunna wayar na miƙa mata. Ta riƙe ta da hannu biyu kusa da fuskarta. Igiya ta taso, Habibu ya miƙe. Na ga ta ɗauke numfashi. Bidiyon ya ƙare, ta ce in sake. Na sake. Sau huɗu.

"Dariya yake yi," ta ce.

"Kullum haka yake yi in yana kai."

"Waɗannan mutanen duk shi suke kira?"

"Shi suke kira."

Ta kife wayar a cinyarta. Ta ce, "Bala, zazzaɓin na bar ka da Allah, kwanansa ne ya ƙare, ko a ɗakina yake zai tafi. Na yafe. Amma shekara biyar ɗana yana wannan, kai kaɗai kana kallo, ni kana aiko mini da ɗinkin wani ƙato. Da na hana, da na yi faɗa, da na yi kuka. Amma da na gani yana da rai. Wannan kar ka roƙe ni, ba yanzu ba."

Ban roƙa ba. Ban koma Legas ba kuma, na dawo nan Fadaman Mada na kafa teburin da kuke zaune a gabansa kuna shan shayina bashi. Wayar tana wurinta tun ranar. Ba ta kira da ita, ba ta amsawa, abu ɗaya take kallo. Unguwarsu wuta ba ta zama, don haka duk safiya nake zuwa in karɓa in kawo wa mai caji na kusa da mu, in mayar mata da yamma. Takan karɓa ta ce, "An gode," ta juya.

Nasiru, leƙa ka gani ko ta cika. In ta cika zare mini ita a hankali, gilashin ya tsage. Ku tsare mini tebur, kar wanda ya taɓa mini ƙwai. Bayan la'asar take kallo, kuma ba ta son jira.