Hoton da Kwamiti Ya Nema

Ranka ya daɗe Shugaban kwamitin filaye, 'yan kwamiti da ke jere a gaba, malamanmu, matar marigayi da 'yarsa, 'yan uwa da maƙwabta, sallama a gare ku.

An ce in yi gajeren jawabi mai sanyi. Gajere zan iya, amma sanyi kam yau ba ni da shi.

Shekara talatin shagon ɗinkina yana jikin shagon hotonsa. Mu muka sa masa Dogon Ido, saboda gilashin kyamararsa mai tsawon kamu guda, mai jawo nesa kusa. Ya kasance mai ɗaukar hoton fasfo da rana don a ci abinci. Ya kasance, kafin rana ta fito, yana tsaye cikin tafkin bayan gari, ruwa har gwiwa, yana jiran wani ɗan tsuntsu da bai fi babban yatsa ba. Muna yi masa tsiya: "Kai da wannan bindiga taka, ko fiffike ba ka taɓa kawo mana ba!"

Ya kasance ba ya kunna fitilar kyamara. Tsuntsun nan sai da duku-duku yake fitowa, kuma marigayi ya ce in haske ya walƙa wa uwar a ido, tana iya barin sheƙa, ƙwai ya lalace. Sai ya ɗora gilashin kan kututture, ya riƙe numfashi, ya latsa. Cikin hoto ɗari da ƙyar ɗaya ke fitowa.

Da aka ce za a cike tafkin a yanka filaye, ya kwashi hotuna ya kai gabanku. Ina wurin. Ranka ya daɗe, ka ɗauki ɗaya, ka juya shi sama da ƙasa, ka ce, "Wannan tsuntsu ne ko tabon shayi?" Aka kwashe da dariya. Kuka ce ya kunna fitila kamar kowa, in ya kawo hoto fes, tafki ya tsira.

Ni ma na roƙe shi, na ce sau ɗaya fa. Ya ce, "Haba, tela! In kashe su don in nuna suna nan?" Ya koma ruwa. Sati shida yana komawa, har sanyi ya shiga ƙirjinsa.

Yaya, matar marigayi, ki yafe mana. Muna jin tarinsa ta bango, muka ci gaba da tsiyarmu.

Kai mai hoton kwamiti, kashe fitilar nan! Ba a taronsa ba.

Jibi katafila za ta shiga tafkin, kowa ya sani. To, jiya 'yarsa ta buɗe kyamarar, ta duba abin da ya ɗauka ranarsa ta ƙarshe a ruwa. 'Yata, tashi ki ɗaga hoton sama, kada ki ji kunyar kowa. Ga uwar a bakin sheƙa, ga 'ya'yanta, baki uku a buɗe, gashin wuyanta ana iya ƙirga shi. Babu fitila. Ki matsa kusa da Shugaba, ya juya shi yadda yake so.

Mun gode wa duk wanda ya taka ƙafa ya zo. Allah ya ji ƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Mu kuma Allah ya ba mu ikon cika alkawari, har wanda aka ɗauka ana dariya.