Kalmomi Uku da Na Rubuta wa Baba

Shugaban wannan zama, babban likitan kunne, ma'aikatan jinya, iyayenmu dattawa da aka riga aka dasa wa na'urar ji, 'yan'uwana masu jinya, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni wannan dama. Ku yi haƙuri da karatuna, sai da na haifi 'ya'ya huɗu sannan na shiga ajin manya.

Na baro gida lafiya. Maigidana lafiya, yara lafiya, sai autata da ke ɗan tari. Wanda hankalina ke kansa shi ne mahaifina, kuma saboda shi na tsaya a gabanku.

Baba kafinta ne, shekararsa saba'in da huɗu. Shekara shida ke nan ba ya jin magana, abin maƙalawa a kunne ma ya daina yi masa amfani. Sai dai in an buga ƙofa da ƙarfi ya waiwaya. Duk abin da za a gaya masa ni nake rubutawa a wani tsohon littafin yara. Yakan ce, "Ke kafin ki gama rubuta abinci ya sauka, ai ya huce."

Ranar da muka zo, likita ya yi bayani mai tsawo kan tiyatar dasa na'urar ji, Allah ya saka masa. Ya ce dattawa da yawa sun amfana, amma ba kowa ke samun daidai da na wani ba. Ya ce ba ranar tiyata ake kunna na'urar ba, sai wurin ya warke. Ya ce da farko muryoyi za su zo kamar rediyon da bai kama tasha ba, sai an yi watanni ana koyon ji. Ya ce ɗan sauran jin da ke kunnen da za a yi wa aikin yana iya tafiya.

Baba yana ta zungurina, "Me ya ce? Me ya ce?" Mutane na jira a waje, hannuna kuma ba ya sauri. Sai na rubuta kalmomi uku: Za ka ji.

Ya duba, ya ce, "To me muke jira? A yi."

Jama'a, a kan wannan ya amince. Ya zaga layinmu kaf ya ba da labari. Ya ce wa maigidana, "Ku gama gulmata kafin Juma'a." Sau uku ina zama in rubuta masa sauran, sau uku ina yagewa. In na rubuta, ina tsoron ya fasa, ya rasa abin da zai amfane shi. In na yi shiru, ina tsoron ya farka ya ce 'yarsa ta yaudare shi.

Roƙona ɗaya ne. A cikin iyayenmu da aka yi wa wannan aiki, mutum ɗaya ya zauna da Baba, ya rubuta masa da hannunsa abin da ya ji a makon farko da abin da yake ji yau. Kada ya sa masa zuma, kada kuma ya tsorata shi. Dattijo zai yarda da ɗan'uwansa dattijo.

Alhamis zai sa hannu a takardar amincewa, Juma'a a yi tiyatar. Lambata tana wurin ma'aikaciyar jinyar da ke bakin ƙofa. Don Allah in ji daga gare ku kafin Laraba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya yi wa hannun likitocinmu albarka, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.