Wanda Ya Karɓo Belin Rabi a Alƙahira

Akwai wani mutum a unguwar nan da ya ci tuwona a Ainu Shams, can Alƙahira, har kumatunsa suka ciko, ranar da na nemi ya taka ƙafa domina kuwa ya kashe waya. Ba zan kama suna ba. Shi ne dai mai tara ku bayan la'asar yana cewa a Masar Bahaushe ɗan'uwan Bahaushe ne. To ku matso ku ji nawa. Ke Zainabu, ajiye wayar nan.

Keken ɗinkina na sayar, na haɗa da kwasar adashi, muka tafi ni da ƙanwata Rabi. Ita ta samu aikatau a unguwar masu kuɗi, Muhandisin, sunan da sai na yi tari kafin ya fito. Ni kuwa bakina bai bar ni zama ƙarƙashin kowa ba, sai na ɗora tukunya ina sayar wa ɗalibai tuwo da miyar kuka. Mai gidan da muke haya, Ammu Fatahi, tsoho ne mai tumbi, kullum sai mun yi.

"Ya Hajja, wannan warin fa? Gawa kike dafawa?"

"Daddawa ce, kai da ke cin ruɓaɓɓen kifi kana lashe yatsa!"

"Khalas, shi ke nan, ƙarshen wata ki fita!"

"In fita ka ci me?"

Wata rana da hantsi aka kira ni da baƙuwar lamba. Rabi ce: "Yaya, ina kisim." Kisim shi ne caji ofis. Ɗan kunnen gwal na uwar ɗakinta ya ɓata, aka ce ita ce. Na je, amma ban shiga ba, domin ikamata, wato izinin zamana, ta mutu tuntuni, tata ce mai rai. Daga bakin titi na ji cewa gobe za a kai ta niyaba, gaban mai gabatar da ƙara. Shi zai ce a sake ta, ko a ci gaba da tsare ta, ko ya yanka kafala, belinsu ke nan.

Ni belin gida na sani: a samo babban mutum mai hula ya ce "'yata ce", ya sa hannu, a ba shi ita. Sai na kira mutumin nan.

"Hajiya, kwantar da hankalinki, Rabi ƙanwata ce. Da sassafe ina nan, har da babbar riga."

Gari ya waye ina ƙofar kotu. Motar tsararru ta zo, na ga an sauko da Rabi, hannunta haɗe da na wata mata a ankwa ɗaya. Na kira shi, a kashe. Na sake kira, a kashe. Duk hular da ta ɓullo sai gabana ya faɗi. Can aka fito aka ce an yanka mata kafala, ni kuwa ina nan tsaye ina jiran hula.

Wata Bamisiriya da ta kawo wa ɗanta burodi ce ta tambaye ni wa nake jira. Na ce babbanmu.

"Babban wa? Nan ba a beli da fuska. Kuɗi za ki kai waccan tagar, ki karɓo rasit. In suka rufe, ta koma mota, sai ranar da aka sake kawo ta."

Jarin tuwona na ɗaure a ƙugu, ya isa. Amma mai tagar sai ya ga katin shaidar mai biya ya rubuta sunansa. Ashe ba hula nake buƙata ba, hannu ne mai takarda mai rai. Na kira ɗalibai. Wannan ya ce jarrabawa, wancan ya ce yana tsoron a yanke masa tallafin karatu. Su na yafe musu, yara ne. Mutumin nan fa? Ikamarsa lafiya lau, ba jarrabawa, ba komai.

Na shiga layin da kaina. Da na matso sai na ga ma'aikacin yana buɗe fasfon wani ɗan Sudan shafi-shafi, yana lasar yatsa. In ya buɗe nawa haka, ni da Rabi mota ɗaya za mu koma, ba mai kawo mana ko ruwa. Na zame na fita. Azahar ta gota, sun fara tattara takardu. Lamba ɗaya ta rage a wayata.

"Wa ya mutu?" in ji Ammu Fatahi.

"Rabi ce, an kama ta."

Ya zage ni, ya zagi daddawa, ya kashe. Na zauna a ƙasa na ɗora hannu a ka. Ban ankara ba sai ga tumbi ya ɓullo, jallabiya da silifa, yana haki. Ya fizge kuɗin, ya ture mutane, ya miƙa katinsa, ya dawo ya jefa mini rasit.

"Kada ki gode mini. In an tsare ta, wa zai riƙa shiga tsakanina da bakinki?"

Na buɗe hannu zan rungumi Rabi, sai na ga an sake tura ta mota. Na kurma ihu.

"Rufe baki, za ki sa a kama mu duka!" in ji tsohon.

Ashe biya ba fita ba ne. Sai an mayar da mutum kisim, an duba ko ana nemansa da wata ƙara, baƙo kuma a bincika izinin zamansa. Kullum tsohon ya shiga ya fito ya ce mini "bukra", wato gobe. Ban taɓa tsanar kalma kamar wannan ba. Ranar da ta fito ba takalmi, kanta cike da ƙwarƙwata. Kuma kafala ba ta kashe ƙara, kwana a gida kawai take saya. Muka yi ta zaman ɗar-ɗar har maganar ta mutu don rashin shaida, sannan muka tattaro muka dawo, ba keke, ba jari. Na bar wa Ammu Fatahi ƙullin daddawa, ya ce zai kashe ɓeraye da ita.

Mutumin naku kuwa, Rabi na fitowa ya yi sallama da kwanonsa, wai caji ne ya ƙare masa. Ku je gobe bayan la'asar ku faɗa masa wannan. Ga ni, ga Rabi, ga ƙofa a buɗe. In ƙarya na yi, ya zo ya ce ƙarya ne. Ko har yanzu wayar a kashe take?